Ciyawar Mastad a Gonar Alkama: Jawabi ga Manoma

Jawabin yau a kan wata ciyawa ce wadda ta daɗe tana wahalar da manoman alkama da sha'ir a Turai, da Afirka ta Arewa, da Kanada. Sunanta mastad na daji. Dangin kabeji ce, furenta rawaya ne, kowane fure ya rabu kashi huɗu.

Takan tsiro tare da hatsi, ta riga shi girma, ta shanye ruwa da taki, ta tare masa rana. Amma babban sharrinta yana ga irinta. Gindi ɗaya yakan zubar da dubban ƙwayoyi, ƙanana baƙaƙe, waɗanda ke iya kwanciya cikin ƙasa har shekara 60 ba su mutu ba. Wato sakacin uba na shekara ɗaya, jikansa ma sai ya biya. Manomin da ya san wuta-wuta a gonar dawa ya san irin wannan hali.

Turawa sun gwada magani iri iri. A 1896, a Faransa, aka lura ruwan maganin tagulla da ake fesa wa inabi yana ƙona ganyen wannan ciyawa. A shekarun 1940 aka samo magunguna irin su 2,4-D, masu kashe ta su bar hatsi. Duk da haka, a 1990, a lardin Manitoba na Kanada, aka tarar da wadda ta daina jin irin waɗannan magunguna. Ashe feshi kaɗai ba ya raba gona da ita.

Wannan ya shafi masu noman alkama na rani a Kadawa, da kwarin Haɗeja, da gaɓar Tafkin Chadi, domin baƙuwar ciyawa takan shiga ƙasa ne a ɓoye cikin iri. Saboda haka ana gargaɗin kowane manomi ya shuka irin da hukuma ta tabbatar da ingancinsa. Alkamar da aka shigo da ita domin niƙa ba ta shuka ba ce. Wanda ya ga ciyawar da bai sani ba, ya tumɓuke ta kafin ta yi 'ya'ya, ya ƙone, ya kai wa malamin gona gindi ɗaya ya duba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da amfani mai albarka, amin.