Zafin Bazara: Abin Da Ya Sa Ya Fi Tsanani Gab Da Faɗuwar Damina

Jawabin da aka gabatar ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na manya, maza da mata.



Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya riga ya san rabin abin da za a faɗa a nan. Randar ƙasa tana tsattsafo. Ruwan da ya tsattsafo a bayanta iska ce ke busar da shi, kuma yana bushewa yana tafiya da zafin da ke cikin randar. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, ko da a inuwa ɗaya aka ajiye su. To, haka Allah ya yi jikin ɗan Adam. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin zafi, kuma idan rana ta take, gumi ne ke hana shi wuce haka. Amma fitowar gumi kaɗai ba ta sanyaya jiki. Sai gumin ya bushe.

A Sakkwato, zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40, har ya zarce. A Ikko kuwa da wuya ya kai 35. Duk da haka ɗan kasuwar da ya je Ikko sarin kaya yakan dawo yana cewa zafin can ya fi gallabarsa, riga ta manne masa a jiki dare da rana. Dalili shi ne iskar Ikko cike take da danshin teku, ba ta da wurin ɗaukar gumin mutum. A nan Arewa kuwa, iskar watan Maris busasshiya ce. Mace takan shanya wanki, kafin ta gama dakan fura ya bushe.

Wannan sauƙin ba ya ɗorewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu iska takan juya, ta riƙa tasowa daga kudu maso yamma, wato daga teku, ɗauke da danshi. Danshin yakan riga ruwan sama isowa da makwanni. Rana tana nan da ƙarfinta, ƙasa tana nan a ƙone, ga kuma danshi ya shigo. Nan ne mutum zai ga gumi na tsiyaya amma ba ya jin sanyi. Da dare ma babu hutu, domin danshi da gajimare suna rufe sama kamar bargo, zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya samun hanyar fita. Waɗannan makwanni su ne mafi hatsari ga tsofaffi, da jarirai, da mata masu juna biyu, da masu hawan jini ko ciwon sukari.

Ruwan sama shi ne maganin abin, amma sai ya zauna. Ƙasar da ta jiƙe tana aiki irin na randa: zafin rana yakan ƙare wajen busar da ita da ganyen da ke kanta. Busasshiyar ƙasa kuwa ba ta da ruwan da za ta bayar, sai ta ɗumama iskar da ke samanta. Manomi ya san wannan da tafin ƙafarsa in ya taka tudu ya kuma taka fadama. Saboda haka a watan Agusta zafin rana a Kano yakan sauko wajen digiri 30, kuma shekarar da damina ta makara zafi yakan daɗe. Ɗan yayyafin fari da ke sauka a kan ƙasa mai zafi kuwa, sau da yawa ƙara gumi yake yi, don da rana ta sake fitowa sai ƙasa ta yi ta turiri.

Sai batun birni, inda samari da yawa ke zuwa cin rani daidai wannan lokaci. Kwalta da siminti da bulo suna shan zafi yini guda, da dare su riƙa amayar da shi. Gidaje sun cushe, iska ba ta ratsa lungu. An sare itatuwa an yi shaguna, kududdufai da yawa na cikin Kano an cike su an yi gini a kai. Ga motoci, ga janareta, kowanne da nasa hucin. Ɗan cin rani da ke kwana da mutum shida a shago mai rufin kwano, ƙofa a kulle saboda ɓarayi, jikinsa ba ya hucewa har asuba, kuma da safe ya koma tura baro a rana. Rana ɗaya jiki zai jure. In aka jera kwana huɗu ko biyar a haka, ƙarfi yakan ƙare.

An ga haka a ƙasar Mali a shekarar 2024. Ran 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes. A Bamako, babban birnin ƙasar, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗaya 130 ya ƙirga. Yawancinsu tsofaffi ne. Abin ya zo cikin azumin Ramadan, ga kuma yawan ɗaukewar wutar lantarki. Yanayin Mali ba shi da nisa da na Sakkwato ko Yamai.

Abin lura shi ne ƙauye ma ya fara ɗaukar halin birni. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafi, ɗakin ciyawa kuma yana shan iska. Yanzu wanda ya sayar da amfanin gona da daraja, abin da zai fara yi shi ne ginin bulo da rufin kwano, wani lokaci har ya sare darbejiyar ƙofar gida don ya faɗaɗa. Ba laifi ba ne mutum ya so kwano, don ya huta da yaɓe da yoyo kowace damina. Amma kwano babu silin tanda ne. Wanda zai yi, ya ɗaga ginin ya yi tsawo, ya sa silin ko da na zana ne, ya buɗe tagogi biyu masu kallon juna, kuma ya bar itacen a inda yake.

A makwannin nan na gab da damina, a yi aikin ƙarfi da sassafe ko bayan la'asar. A sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba, a kuma riƙa kai wa tsofaffi ruwa har inda suke, domin su ba su cika jin ƙishi ba. Fitsari in ya yi ja ya ragu, jiki na neman ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa idan zafi ya haura digiri 40, fanka kaɗai iskar zafi take hura wa mutum. A jiƙa jiki ko riga tukuna, sannan a yi fifita.

Wanda aka ga ya galabaita, kansa na ciwo, jiri na ɗibarsa, a kai shi inuwa a sassauta masa tufafi. A ba shi ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, kuma kada a tsaya cewa iskokai ne. A yi ta zuba masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a nemi mota ko amalanke a kai shi asibiti mafi kusa, ana tafiya ana ci gaba da jiƙa shi.