Ciyar da Kare da Kyanwa Idan Ciwo Ya Kwantar da Su



An nemi in yi tsokaci a kan aikina na kula da lafiyar dabbobi. Na zaɓi kare da kyanwa, domin a ƙauyukanmu na Karaye da Rogo kare ne ke gadin garke da raka mafarauta, kyanwa kuwa ita ke tsare rumbu daga ɓera. Amma da ciwo ya kwantar da su, sai mu ce a bar su, in sun ji yunwa za su ci. A gaskiya sau da yawa yunwar ce ke ƙarasa su. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Cutar fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana sa kwikwiyo amai da zawon jini. Likitoci sun gano cewa wanda aka fara ciyarwa da wuri ya fi saurin farfaɗowa. Ita kuwa kyanwa, in ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta ya kashe ta.

To, me za mu yi? A fara da ruwa: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, a riƙa ɗigawa ta gefen baki. Sannan a ba da dafaffiyar shinkafa da ƙwai ko naman kaza mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, kamar sulusin abin da ta saba ci a rana ta farko. Ban da albasa da tafarnuwa, suna lalata musu jini. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa. Kada a yi ɗura ga dabbar da ba ta iya ɗaga kai, abincin zai faɗa huhu. Irin wannan sai asibitin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ake ƙarin ruwa da ciyarwa ta siririyar roba.

Gargaɗi ɗaya: karen da ya ƙi ci, yana dalalar da yawu, halinsa ya sauya, kada kowa ya kai hannu bakinsa. Mai yiwuwa haukan kare ne. A killace shi, a sanar da malamin dabbobi.