Wasannin 'yan lakwal: tsanin da ke tashi daga Cadakori zuwa Maraɗi

Iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu da kunka zo daga Maraɗi, Yamai, Kano da sauran wuraren bida, muna gaishe ku, muna yi muku barka da hanya. An ba mu izini, mu malaman lakwal, mu yi magana bisa wasannin ɗiyanmu na kwaleji: wa ke riƙe da su, ƙaƙa ake shirya gasa, kuma mi ya sa ba safai ake jin sunan garinmu ba in an kai matakin jaha.

Mun san akwai cikin iyayenmu masu cewa guje-guje da bugun ƙwallo aikin marasa aiki ne. Ku gafarce mu, bari mu faro da abin da kowa ya yarda da shi, wato kokowa.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, anka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Wanda ya ɗauki takobin farko namu ne, Yakuba Kantu na jahar Maraɗi, kuma sunansa ne hilin kokowar Maraɗi ke ɗauke da shi. Yau jahohi 8 ne ke karawa, kowace da 'yan kokowa 10, su 80 ke nan, gasar kuwa tana zagaya jahohi bi da bi. To, waɗannan goma ɗin ba daga sama sunka faɗo ba. Ana tankaɗe tun daga ƙasa, a zaɓo gwanaye daga garuruwa, su haɗu a gunduma, waɗanda sunka tsira su tahi zaɓen jaha. Tsani ne. Wanda bai taka matakin farko ba, ko ya hi kowa ƙarhi, Nijar ba za ta taɓa jin kirarinsa ba.

Wasannin lakwal ma bisa wannan tsani anka gina su, sai dai su ba hannu guda ke riƙe da su ba. Yaran na hukumar ilimi ne: darekta, malamai da masu duba makarantu su ke da iko da lokacinsu da sunayensu. Dokokin wasa, alƙalan wasa da manyan hilaye kuwa suna wajen ma'aikatar matasa da wasanni da ƙungiyoyin ƙasa, kamar FENIFOOT mai kula da ƙwallon ƙafa. Malaman motsa jiki a Yamai ake horar da su, a makarantar INJS. In hannuwan nan biyu sun gamu, gasa ta tashi: aji da aji, makaranta da makaranta, sannan gunduma, sannan jaha. Mu tamu gundumar ita ce Gidan Rumji, tare da Tsibiri, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Wanda ya ci nan shi zai gamu da 'yan Agye, 'yan Gazawa da manyan makarantun birni irin su lise Ɗan Baskore. In kuwa kowane hannu ya tsaya jiran ɗan'uwansa, sai shekara ta wuce shiru.

Kuma shekarar gajera ce. Ana komawa lakwal a Oktoba, amma inda azuzuwan na zana ne sai an gama girbi an samu kara. Lokacin kirki shi ne na ɗari. Daga Afrilu rana ta hana, a Yuni jarrabawa ta zo. Ku tuna kuma cewa a jarrabawar BEPC ana gwada motsa jiki, ana ba da maki. Yaron da bai taɓa gudu bisa ƙa'ida ba, maki ne yake zubarwa.

Yanzu ga inda muke so ku saurare mu da kunne biyu. A kokowa ba a tambayar shekarun mutum a bakin hili, gaba da gaba ce. A wasan lakwal kuwa shekaru su ne kan gaba. Ana kasa yara rukuni-rukuni bisa shekarun haihuwa, don kada a haɗa ɗan 13 da mai gemu. Ana buƙatar shaidar cewa ɗan wasa ɗalibin makarantar ne, da takardar haihuwarsa. Nan ne ƙauye ke faɗuwa tun ba a busa usur ba. Da yawa cikinmu an rubuta mana "an haife shi wajen shekara kaza", domin ba wanda ya kai labarin haihuwarmu ga hukuma. Wancan zamani ya wuce, amma halin bai wuce ba. A yi suna, a yanka rago, a ci, a watse, ba a je an rubuta jariri ba. In wa'adi ya shuɗe sai ta hannun alƙali, da tahiya da kashe kuɗi. Mun ga yaron da ya tsere wa kowa a hilinmu, ranar zaɓe anka bar shi zaune bakin layi saboda takardarsa ba ta hito ba. Irin wannan yaro, in rani ya yi, ku ne za ku gan shi a tasha ya biyo ku bida, littattahan suna gida.

Akwai kuma masu ɗauko ƙato daga kasuwa su sa masa rigar makaranta, ko su rage wa ɗalibi shekaru. Muna roƙon kada a taɓa yin haka da sunan Cadakori. In an gane, ƙungiyar wasan duka ake kora, yaran kirki su biya bashin da ba su ci ba.

Kada ku ɗauka tsanin nan a Yamai ya ƙare. A 2022 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙaddamar da gasar makarantu ta 'yan ƙasa da shekara 15, maza da mata: cikin ƙasa, sannan shiyya, sannan nahiya. Shiyyarmu ta haɗa mu da Najeriya, Benin, Burkina Faso, Togo, Gana da Kodibuwa. A karon farko, a Durban cikin 2023, wata makarantar Gine ta ci na maza, wata ta Tanzaniya ta ci na mata, kowace ta samu dalar Amurka 300,000 don ayyukan makaranta. Mun ce da mata, iyayenmu, kun ji da kyau. Ɗan Nijar kuma ba baƙo ne ba a manyan hilaye: Isaka Dabore ya kawo tagulla a dambe daga wasannin Olamfik na Munik a 1972, Abdurrazaƙ Alfaga ya kawo azurfa a takwando daga Riyo a 2016.

Abin da ke hannunmu ba ya buƙatar sa hannun minista. Hilin wasa na nan, amma kowace damina gonakin maƙwabta na cin gehensa. Muna roƙon dattawa su zagaya shi tare da magajin gari, a kafa iyaka, a dasa dogon yaro. Motar kai yara Gidan Rumji da abincinsu na yini, wannan mun ɗora wa 'yan bida: in kowa ya ajiye jika guda a asusun ƙungiya bayan girbi, darekta ba zai ƙara bin gidaje yana roƙo ana gobe wasa ba. Kuɗin su zauna hannun ma'aji da kwamitin iyayen yara, a karanta lissahi gaban taro.

Takardu kuwa mu malamai mun ɗauka. Za mu bi aji-aji mu rubuta duk yaron da ba shi da takardar haihuwa, mu miƙa wa shugaba sunayen, don ƙungiya ta nemi a kawo zaman alƙali nan garin a yi su gaba ɗaya. Wanda ya bar ɗa ko ƙane a gida, ya tsaya wajen magatakarda kahin ya koma, ya faɗi sunan yaron, sunan uwarsa da shekarar da anka haihe shi.