Mai Zane da Mai Rubutu: Wa Ke Tsara Kamannin Ƙasarmu?



Maganata a yau a kan zanen kamannin mutum ce, da zanen da akan ƙawata littafi da shi. A ƙasar Amurka, a farkon ƙarni na 20, sana'o'in nan biyu sukan haɗu a hannun mutum ɗaya. Alal misali, Jessie Willcox Smith, wadda ta rasu a 1935, ta yi suna wajen zana littattafan yara, kuma masu hali sukan biya ta ta zana musu 'ya'yansu. Mu a nan hanyar da muka biyo daban ce. Malamanmu sun guji surar abu mai rai, sai suka zuba gwanintarsu a zayyana, wato adon nan na tawada ja da rawaya da ake yi wa Alƙur'ani da allon sauka. Saboda haka babu wanda ya zana fuskar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye. Duk hoton da kuka ga ana yawo da shi da sunansa, ƙirƙira ce ta 'yan baya.

To, da muka bar wurin, wasu suka shiga. Ku duba littafin Barth, Bajamushen nan da ya iso Kano a 1851. Hotunan da ke cikinsa, waɗanda har gobe ake kwafa a littattafan tarihi, wani mai zane ne da ake kira Bernatz ya kammala su a Jamus daga ɗan abin da Barth ya zazzana a hanya. Bernatz bai taɓa taka Kano ba. Ashe ke nan Kanon da Turai ta fara gani da ido, rabinta tunanin mutumin da bai san ƙurar Kurmi ba ne. Ban ce ya yi ha'inci ba; aikin da aka ba shi ya yi. Amma mai karatu yakan manta shafi goma na bayani, ya riƙe hoto guda.

An sami sauyi a Zariya. A 1958 ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don su zana ƙasarsu da idonsu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, kuma dukansu biyu sun ƙawata littattafan Achebe. Abin takaici shi ne, littattafan Hausa da ake bugawa a garin nan ɗaya ba su ci moriyar wannan yunƙuri yadda ya kamata ba.

Yanzu mu komo Birnin Gwari. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Daji ne na doka da kaɗanya da ɗorawa, da duwatsu a tsakaninsu. A maƙwabtansa, a Kagara, aka haifi Abubakar Imam a 1911. Amma ku tambayi yaron makaranta a Kaduna abin da ya sani game da wannan daji. Ba zai ambaci doka ba. Abin da ya gani a waya shi zai faɗa: mutane a kan babura da bindigogi, da jana'izar mutanen Gwaska da aka kashe a 2018. Hotunan nan gaskiya ne, ba na musun su. Sai dai idan su kaɗai aka bari, shekara 50 nan gaba su ne za su zama Birnin Gwari, kamar yadda zanen Bernatz ya zama Kano. Manomin da ke noma masara a can, da matar da ke dakan kaɗe, da dattawan fada, babu mai tuna fuskarsu.

Ku ma'aikatan Ma'aikatar Ilimi da ke zaune a nan, a teburinku ake amincewa da littafin karatu na firamare. In an kawo muku shi, ku buɗe ku ga wa ya yi zanen, ku tambaya ko ya taɓa zuwa wurin da ya zana. Ɗaliban sashen zane kuwa suna nan Samaru, suna neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kansa.