Gyaran kwarin Gourou: wa ke biya, wa ake tasa

Ga bayanin da muka yi a taron iyalai na 220 Logements, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Adjamé ya san halin mahaɗar Indénié. Ruwan da ya sauka a Abobo, Adjamé da wani sashe na Cocody kwari ɗaya yake bi, wato Gourou, ya taru a nan gangarenmu, da yashinsa da ledojinsa, kafin ya faɗa tafkin Ébrié ta gaɓar Cocody. A daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018, ambaliya ta kashe mutum kusan 20 a Abidjan.

Gyara kam ana yi. Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a aikin Gourou, kuma a 2015 aka ƙaddamar da gyaran gaɓar Cocody tare da ƙasar Maroko. Wannan kuɗin gwamnatoci ne da bankuna. Amma akwai hannun 'yan kasuwa. SODECI mai ba mu ruwan famfo kamfani ne mai zaman kansa, shi ke kula da magudanan ƙazanta, kuma kuɗin yana cikin takardar ruwa. Ko ɗaki ɗaya kuke haya, kuna biya ta hannun mai gida.

Kamfani ba sadaka yake yi ba, kuma ba laifi ba ne. Gadar HKB da aka buɗe a 2014, da jarin 'yan kasuwa aka gina ta, suna maida kuɗinsu daga masu motocin da ke biya su wuce. To kwari ba shi da ƙofar karɓar kuɗi. Ribarsa tana cikin filin da ke bakinsa: in wuri ya bushe ya yi tsabta, sai ya yi tsada, kuma mazauna bakin ruwa ake fara tasa. Mun gani a 2024 a Gesco da Boribana, inda aka rushe gidaje da sunan wuri ne mai haɗari. Daga baya gwamnati ta yi alƙawarin sefa 250,000 ga kowane gida. Wanda ba a rubuta sunansa ba, da me zai nema?

Saboda haka kar arha ta ja ku ku kama ɗaki a cikin kwari. In masu ƙidaya sun zo, ku tsaya a rubuta ku, ko da haya kuke, kar mai gida ya ce sunansa ya isa. Rasit ɗin haya, katin gudun hijira da takardun haihuwar yara, a ƙulle su cikin leda a rataye sama. Takardar Faransanci da ba a karanta muku ba, kar ku sa hannu ko ku dangwala yatsa. Ku kawo ta ofishin kariya mu fassara muku, ba a biyan ko dala.