Tukunyar gaz mai yoyo: ruwan sabulu ke nuna wurin

Jawabi domin makarantun karatun manya



Zancen yau bisa gaz na dahuwa ne. A shekara ta 2011 anka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram. Tun lokacin nan Nijar ke yin gaz nata. Itace kuwa ya yi wuya, ya yi tsada, daji yana ƙarewa. Shi ya sa tukunya mai kilo 6 da mai kilo 12 da rabi sunka fara fita daga birni zuwa ƙauyuka. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma tukunya mai yoyo tana iya ƙone ɗaki da mutanen da ke ciki.

Gaz ba ya da launi, ido ba ya ganinsa. Asalinsa ma ba ya da wari. Da gangan ake zuba masa wani magani mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, don hanci ya ji shi. Gaz ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya cika rami da ƙarƙashin gado, inda yara ke barci bisa tabarma. A Amurka akwai masu ɗakin kwana da mota ke ja, da tukwanen gaz a jikinsa. Su ma kusa da daɓe suke kafa na'urar da ke yin ƙara in gaz ya fita. Kuma ba sai ya cika ɗaki ba. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama wuta.

In uwargida ta ji ɗoyin nan, ta fara rufe bakin tukunya. Ta fid da yara waje. Ta buɗe ƙofa da taga. A kashe garwashi da fitila da taba. Kada a ƙyasta ashana. Kada a kunna tocila ko lantarki ko salula cikin ɗakin, don ɗan tartsatsi ya isa. In tukunya tana ɗaukuwa, a kai ta tsakar gida, cikin inuwa, nesa da murhu. A jira sai ɗoyi ya wuce sarai.

Sa'an nan a nemi inda yoyon yake.

A fara da abin da ya fi sauƙi. A duba makunnin resho. Sau da yawa iska ce ta hure wuta, ko miya ta tafasa ta zuba ta kashe ta, gaz kuma yana ta fita. Wani lokaci yaro ne ya murɗa. In haka ne, magana ta ƙare.

In makunni a rufe yake, sai a kawo ruwa cikin ƙwarya ko kwano. A kaɗa sabulu sai ya yi kumfa. A bar resho a rufe, a buɗe bakin tukunya kaɗan. A ɗauki tsumma ko soso a shafa ruwan sabulu, wuri bayan wuri. A fara daga bakin tukunya. A shafa inda anka ɗaura kan nan mai rage ƙarfin gaz, wanda masu saidawa ke ce ma detandar. A shafa inda tiyo ya shiga detandar. A bi tiyo duka, a lanƙwasa shi a hankali, don tsagar roba takan ɓuya. A ƙare da inda tiyo ya shiga resho. Ga ƙaramar tukunya wadda ake murɗa resho bisa kanta, wurin haɗin nan shi ne abin dubawa.

Wurin da ke yoyo, kumfa za ta yi ta kumbura tana fashewa. In yoyon ƙarami ne, kumfar takan yi jinkiri. Mutum ya yi haƙuri, ya zuba ido kamar minti ɗaya ga kowane wuri. Akwai masu neman yoyo da ashana, wai su ga inda wuta za ta kama. Wannan ganganci ne, ko da wanda ya yi haka ya sha tsira.

In an ga wurin, a rufe tukunya kafin a taɓa komi.

Yawanci laifin na ɗan zoben roba ne da ke cikin bakin detandar. Zafi yana busar da shi, ya tsage. Wani sa'i ma ya faɗi ba a sani ba. Kuɗinsa kaɗan ne, ya kamata mai gida ya aje biyu ko uku. Wani lokaci kuma haɗin ne ya kwance, ko rairayi ya shiga bakin tukunya lokacin da anka ɗauko ta daga kasuwa bisa amalanke ko babur. A share, a sake ɗaurewa. A lura: ga manyan tukwane da yawa, wajen hagu ake murɗawa a ɗaure. Mai murɗawa dama kwancewa yake yi.

Tiyon da ya tsage, ko ɓera ya ci, sai a sake sabo. Kada a naɗe shi da leda ko robar taya, kada a liƙe da sabulu ko ƙaro. Tiyon ban ruwa na garka ba na gaz ba ne. Tiyon gaz na kirki yana da shekara rubuce a jikinsa. Wanda ya yi karatun manya ya karanta ta, ya karanta ma maƙwabta. In shekarar ta wuce, a canza shi ko bai tsage ba. Bayan kowane gyara, a sake shafa ruwan sabulu.

Akwai yoyon da ba a gyarawa a gida. In kumfa tana fitowa daga bakin tukunya alhali yana rufe, ko daga jikin ƙarfe inda ya yi tsatsa, kada a kai ta wurin maƙeri ko mai walda. A bar ta a fili, tsaye. Kada a kwantar da ita, don gaz ɗin da ke ciki ruwa ne, kuma lita 1 ta ruwan nan tana zama iskar gaz wajen lita 250. A hana yara da dabbobi zuwa wurin. A gaya ma wanda ya saida ta, ya karɓi abinsa. In wuta ta riga ta kama kuma ba a iya kai hannu ga bakin tukunya, kowa ya yi nisa. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.