Baƙo A Cikin Mafarauta



An nemi in yi magana a kan farauta, musamman yadda saurayi yake shiga ƙungiyar mafarauta yana baƙo, har ya kai matsayin da za su amince da shi. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗan jami'a da kare da sandar gora? To, akwai a cikinku waɗanda suka fito daga gidajen farauta, akwai kuma waɗanda in sun je gida da rani suka ji gangi ya tashi, sai zuciyarsu ta motsa. Ga waɗannan nake magana da farko, amma ina fata sauran ma za su tsinci wani abu. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, mafarauta sukan daɗe ba su tambayi jarumtar baƙo ba. Abin da suke fara dubawa shi ne ko zai iya riƙe ƙafarsa da hannunsa da bakinsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance maharbi da mafarauci, domin mutane kan haɗa su. Maharbi yakan fita shi kaɗai, ko da yaransa biyu ko uku, da kwari da baka ko bindigar nan harba-ka-ruga. Galibi gado yake yi, shugabansa kuwa shi ne Sarkin Baka. Shi ne wanda yake ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe, namun daji suna ɗauka tsuntsu ne yake kiwo, har ya matso inda kibiyarsa za ta kai. Mafarauta kuwa taro suke yi. Bayan an kawar da amfanin gona, sai shugabansu, wanda a wurare da yawa ake kira Sarkin Dawa, ya sa rana, a sanar da unguwanni da ƙauyuka, a fita da karnuka da sanduna da adduna da barandami. Akwai farautar yini, akwai kuma ta kwana, wadda akan yi sansani a daji kwana da kwanaki. Ƙofar farauta ta fi ta harbi faɗi, shi ya sa baƙo ya fi shiga ta nan.

Me ya sa amincewar waɗannan mutane take da tsada? Dalili shi ne, a daji ran kowa yana hannun ɗan'uwansa. Mutum hamsin ko ɗari suna tafe cikin ciyawa mai tsawo, kowa da makami, wani ba ya ganin wani. In maciji ya sari mutum, ko mugun dawa ya farke masa cinya, asibiti yana can nesa, wanda yake kusa da shi ne zai ɗauke shi. In ruwa ya ƙare, goran wani za a sha. Wanda aka yarda da shi a irin wannan wuri an ba shi ajiyar rayuka ne, ba a kuwa ba da irin wannan ajiya saboda fara'a ko iya gaisuwa.

Mataki na farko shi ne samun ubangida. Ba a shiga farauta da ka. Saurayi yakan nemi wani dattijo a cikinsu wanda ya san iyayensa, ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in riƙa binku." In dattijon ya yarda, shi zai kai shi gaban Sarkin Dawa ya ce yaronsa ne. Daga wannan rana duk abin da yaron ya yi, mai kyau ko maras kyau, da sunan dattijon za a ambace shi. Da ɗan gari akan ci gari. A nan kuma ina jan kunnen samari su dubi wanda za su bi. Kalmar daba, wadda asalinta wurin taruwar mafarauta take nufi, kun san abin da ta koma a biranenmu. Ƙungiyar da babu dattijo a cikinta, wadda shaye-shaye ya fi kiwon kare yawa a wurinta, ko tana da gangi goma ba ta farauta ba ce.

Mataki na biyu shi ne hidima. Baƙo ba ya fara da makami mai kyau. Shi ne mai ɗaukar goran ruwa, shi ne mai jan karnuka da ba su abinci da cire musu kaska da ƙaya. In an sauka, shi zai samo itace ya hura wuta. In an kashe nama shi zai rataya, ya taya fiɗa, ya zauna gaban wuta ana banda har dare ya raba. Mai gaggawa yakan ɗauki wannan wulaƙanci ne, alhali kuwa makaranta ce. Mai jan kare shi yake sanin kukan kowane kare, ya bambance haushin zomo da na dabba mai haɗari. Mai fiɗa shi yake sanin inda makasar kowace dabba take. Su kuma manya suna nan suna kallo: in an ba shi ajiyar ruwa, yakan sha a ɓoye? In ya gaji, yakan yi gunaguni? In an aike shi, yakan dawo da abin da aka ce? Ba za su ce masa kome ba, amma babu abin da yake wuce su.

Sa'an nan sai a zo ga riƙon nan uku da na ambata. Na farko riƙon ƙafa. Idan aka ja sahu aka kewaye wani yanki na daji, kowa da inda aka tsayar da shi. Zomo zai iya bi ta gefensa, ransa ya biya, amma in ya bar wurinsa ya bi shi, ya buɗe ƙofar da gada ko barewa za ta fice, wahalar jama'a duka ta tashi a banza. Ban da wannan, wanda ya bar wurinsa ya shiga inda abokansa suke zaton babu mutum, can kuwa ake jifa.

Na biyu riƙon hannu. Ƙa'idar ita ce, ba a jifa ko harbin motsin ciyawa sai an ga abin da yake motsa ta. Motsin nan yana iya zama kare, yana iya zama ɗan Fulani mai kiwo, yana iya zama ubangidanka. Saurayin da aka ga ya ɗaga hannu ya fasa domin bai tabbatar ba, ya fi samun daraja a idon manya bisa wanda ya jefa a makance ya dace.

Na uku riƙon baki. A daji surutu yana korar nama, a gari kuwa yana korar amana. Mafarauta suna da wuraren da suka sani, mashayar da namun daji suke zuwa da kwazazzabon da suke kwana, ba su son a ji su a bakin kasuwa. Maharba kuma suna da sanin dafi, wanda akan haɗa da 'ya'yan ƙwanƙwani, abin da yake tsayar da zuciyar dabba. Ilmin da zai kashe gwanki zai kashe mutum, saboda haka ba a ba da shi ga wanda ba a auna ba. Baƙon da ya fara da tambayar laya da magani tun makon farko, an gane abin da ya kawo shi. Wanda ya yi shiru ya yi hidima, wata rana ubangidansa zai kira shi gefe da kansa.

Amma babbar jarrabawa tana wurin rabo. Kowace ƙasa da al'adarta, sai dai galibi nama na wanda ya fara sa masa makami ne, ko wanda karensa ya fara kamawa. Sau da yawa mutum biyu sukan yi jayayya, a nan ne faɗan farauta yake tashi, har a zubar da jini a kan zomon da bai kai kuɗin ɗinkin rauni ba. Sau da yawa kuma babu wanda ya ga abin da ya faru sai yaron nan mai jan kare. In aka tambaye shi ya faɗi gaskiya, ko da ta kayar da ubangidansa, to, ranar nan ya zama ɗan gida. Har ila yau akwai wata amanar da ba a gani. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah, malamai kuma sun bayyana cewa in an iske naman da rai sai an yanka. Wanda ya iske dabba ta riga ta zama mushe, ya sa mata wuƙa ya kawo, ya ciyar da gidaje da yawa haram. Maganarsa kaɗai ce shaida, shi ya sa ba a ɗaukar maƙaryaci da sauƙi.

Yanzu bari in juyo gare mu 'yan makaranta. Tarkon da ya fi kama ɗan boko shi ne son gyara. Ya karanta wani abu game da namun daji, sai ya fara koya wa mutumin da ya shekara arba'in yana bin sawu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma kada wannan ya sa ku zaci ba ku da abin bayarwa, domin dajin yau ba na jiya ba ne. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta kafa doka a kan dabbobin da suke gab da ƙarewa. Dokar bindigogi ta 1959 ta tsara wanda zai riƙe bindiga da irin iznin da zai nema, har da harba-ka-ruga. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ba wurin farauta ba ce, haka ma Kamuku da Falgore. Dattawa da yawa ba su karanta waɗannan dokoki ba, sai an kama su suke jin labarinsu. Saurayin da zai cika musu takarda, ya raka su ofis, ya nuna musu iyakar gandun daji, ya yi musu aikin da kare goma ba za su yi ba. Haka nan in ya sami wurin zama a cikinsu, zai iya yin magana a kan cinna wa daji wuta da kashe dabba mai ciki, a saurare shi. In ya faɗi wannan a ranar farko, dariya za a yi masa. In ya faɗa bayan shekara uku yana jan kare, shawara ce ta ɗan gida.

Nauyin ya ƙaru kuma ta wata fuskar. A watan Nuwamba na 2014 mafarauta sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato garin Mubi daga hannun Boko Haram, tun daga lokacin kuwa ake ta dogara da su wajen tsaron ƙauyuka. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma, an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan da aka ga bindigoginsu aka yi musu zargin satar mutane. Allah ya ji ƙansu. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna mana cewa mafarauci a yau yana tsakanin yabo da zargi, kuma laifin mutum ɗaya yana iya shafar dubu. Idan kuka ga dattawa suna jan ƙafa kafin su karɓi baƙo, ku yi musu uzuri, sunan ƙungiyarsu da rayukan 'ya'yanta suke karewa.

Daga ƙarshe, ga ku da za ku kama aikin gwamnati gobe, da ku da kuka riga kuka kama. Ranar da kuka shiga ofis za ku iske masinja da akawu da suka riga ku da shekara ashirin, su ma za su zuba muku ido kamar yadda mafarauta suke yi wa mai ɗaukar gora. Takardar digiri za ta ba ku kujera. Amincewarsu kuwa sai kun tsaya inda aka tsayar da ku, kun ƙi sa hannu a kan abin da ba ku gani ba, kun rufe bakinku a kan sirrin aiki, kun kuma faɗi gaskiya ranar rabo. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.